Yadda Ake Sauke Nauyin Rashi a Littafi Idan Zuciya Ta Cika

Washegarin sadakar bakwai ta maigidana aka naɗe tabarmi, aka kwance rumfa, 'yan'uwa na nesa suka kama hanya. Har zuwa ranar ina amsa gaisuwa kamar yadda kowa ke amsawa. "Ya ƙarin haƙuri?" "Da godiya." Na faɗe ta ta fi sau ɗari a yini, kuma ba ƙarya nake yi ba. Amma da dare ya raba, yara suka yi barci, sai in ji wani abu ya tokare mini ƙirji, ba ya sauka, ba ya fita. Takalminsa na nan a bakin ƙofa inda ya cire shi. A irin wannan dare na jawo ragowar littafin makarantar ɗana na fara rubutu a bayansa. Tun daga nan na cika littattafai da dama, a takabata da kuma bayan rasuwar mahaifiyata, kuma na zauna da mata masu yawa na nuna musu yadda ake yi.

Da ke nake magana, 'yar'uwa, domin da mata na fi zama. Ɗan'uwa da ya rasa mata ko ɗa ko mahaifi, kai ma hanyar ɗaya ce.

Tambayar farko da ake yi mini ita ce, wannan ba rashin tawakkali ba ne? An raine mu a kan cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, mai haƙuri shi ne wanda ya haɗiye. Amma ki duba Suratu Yusuf. Annabi Yakubu da ya ce zai yi haƙuri mai kyau, shi ne idanunsa suka yi fari saboda baƙin ciki, shi ne kuma ya ce ga Allah yake kai kukan damuwarsa da baƙin cikinsa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye a rasuwar ɗansa Ibrahim, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. A ƙasarmu ma Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta rubuta marsiyya ga ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da ya rasu a 1837, ta rubuta wa mijinta Waziri Giɗaɗo, ta rubuta wa aminiyarta A'isha. Abin da aka hana shi ne kururuwa da marin fuska da yaga tufafi. Zama da biro da takarda ba ya cikinsu.

Ta ɓangaren bincike, wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, James Pennebaker, shi ya fara gwada wannan a 1986. Ya sa ɗalibai su rubuta abin da ya fi ƙona musu rai na minti 15 a kwanaki huɗu a jere. Waɗanda suka rubuta abin da ya faru haɗe da yadda suka ji sun rage zuwa asibitin jami'a a watannin da suka biyo baya. Sai dai in gaya miki gaskiya, wani binciken da Margaret Stroebe da abokan aikinta suka yi a ƙasar Holan a kan waɗanda suka rasa miji ko mata bai nuna cewa rubutu yana gaggauta wa kowa samun sauƙi ba. Saboda haka kada ki ɗauke shi magani. Abin da ya yi mini shi ne ya ba baƙin cikin wuri da lokaci, ya hana shi mamaye mini yini gaba ɗaya.

Kayan da za ki tanada

Littafin rubutu na 'yan makaranta, mai fefa 40 ko 60. Kada ki sayi irin diyarin nan mai kwanan wata a kowane shafi. Ranar da ba ki yi rubutu ba, farin shafin zai riƙa kallonki kamar bashi.

Biro biyu, don kada ɗaya ya ƙafe a tsakiyar magana. Ban cika son fensir ba, yana jan mutum ga gogewa da gyare-gyare.

Agogo ko ƙararrawar waya, da tocila ko fitila mai caji saboda ɗauke wuta, da kofin ruwa.

Ma'ajiya. Wannan ya fi littafin kansa muhimmanci. Leda, a ƙasan akwati mai kwaɗo, ƙarƙashin zannuwan da ba kya ɗaurawa. Muddin kina tsoron wani zai karanta, ba za ki rubuta gaskiya ba, gaisuwa za ki ci gaba da amsawa a takarda.

Sai mutum ɗaya da ya san kina wannan aiki: yayarki, aminiyarki, malamar Islamiyyarku. Ba karanta mata za ki yi ba. Ki rubuta lambarta a cikin bangon littafin, don ranar da abin ya fi ƙarfinki.

1. Ki bari ƙura ta lafa

Kada ki fara tonon zuciya a kwanakin zaman makoki. Lokacin jiki a daskare yake, gida cike da mutane, barci babu. Idan hannunki na son riƙe biro, ki rubuta abubuwan da za su ɓace miki: wa ya zo gaisuwa daga nesa, wa ya ce yana bin mamaci bashi, wa ya ce mamaci na binsa, ina aka ajiye takardu. Wasu matan suna iya farawa bayan bakwai, wasu sai bayan arba'in, wata sai ta fita takaba. Alamar da nake dubawa ita ce kin fara cin abinci ko kaɗan, kuma kina samun barcin sa'o'i a jere.

2. Ki tsayar da lokaci da wuri

Minti 15, ba ƙari. Ki saita ƙararrawa kafin ki buɗe littafin. Ni na fi son bayan Asuba kafin yara su tashi, ko bayan La'asar, domin a lokutan nan akwai aikin da ke jirana, dole in miƙe. Kuskuren da na yi da farko shi ne rubutu a kan gado ƙarfe ɗayan dare. In tono abu in kwanta da shi, sai kiran Asalatu ya same ni ido biyu. Idan dare ne kaɗai kike da shi, ki yi tun bayan Magariba, ki bar tazara tsakaninsa da kwanciya. Kuma ki guji zama a gurbin da marigayin ya saba zama, aƙalla a makonnin farko.

3. Ki fara da jiki

Farin shafi yana da kwarjini. Kada ki jira kyakkyawar jimla. Ki sa kwanan wata, sannan ki rubuta abu uku: me kika ci, barcin awa nawa kika yi, ina ne a jikinki ya fi nauyi. Sai ki ba nauyin zuciyarki maki daga 1 zuwa 10. Ga yadda wani shafina ya fara: "Koko rabin kofi. Na farka ƙarfe uku. Wuya da ƙirji. Takwas." Daga nan hannu kan ci gaba da kansa. Idan bai ci gaba ba, ki rubuta "ban san me zan ce ba" sau biyar, sau goma, har wani abu ya biyo baya.

Ba ruwanki da ƙa'idar rubutu. Ki haɗa Hausa da Larabci da Turanci yadda suka zo. Kada ki soke, kada ki koma ki karanta layin da ya wuce.

4. Kwanaki huɗu na farko

Nan ne zuciyar aikin, kuma kowace rana da abin da za ta ɗauka.

Rana ta farko ki ba da labarin abin da ya faru, daga farko zuwa ƙarshe, kamar kina gaya wa wadda ba ta nan. Yaushe ciwon ya fara, ko wa ya kira ki a waya, me kike yi a lokacin, me kika gani, me aka ce miki. Ki haɗa da abin da kika ji a kowane wuri. "An fito da shi ƙarfe biyu" rabin magana ne. "An fito da shi ƙarfe biyu, na ji ƙafafuna ba nawa ba ne, na kama ƙofar kicin" ita ce cikakkiya. Idan akwai wurin da kika kasa shiga, misali lokacin fitar rai ko ɗaukar makara, ki ja layi ki tsallake. Zai jira ki.

Rana ta biyu ki rubuta abin da ba ki gaya wa kowa ba. Fushin da kike yi da likitan da bai zo da wuri ba, da dangin da suka fara zancen gado tun ba a share makoki ba, har da shi marigayin da ya ƙi zuwa asibiti tun ciwon na ƙarami. Wata ta taɓa ce mini abin da ya fi damunta shi ne ta ji wani sauƙi ranar da mahaifiyarta ta cika bayan shekaru tana jinya, kuma tana jin kunyar kanta. Na ce ta rubuta shi haka. Wanda ya yi doguwar jinya ya san wannan ji, kuma ba ya rage komai daga ƙauna. Wannan rana ta fi kowace zafi, kada ki sa ta a ranar da kike jiran baƙi.

Rana ta uku ki rubuta shi yana raye. Ki bar "mutumin kirki ne," kowa ya faɗa a wurin gaisuwa. Ki nemo abin da ke kaɗai kika sani: yadda yake gyaran murya kafin ya yi sallama, yadda yake karya hularsa, miyar da ba ya ci, sunan da yake kiranki da shi idan ba kowa. Na cika shafi guda a kan yadda maigidana yake ɓare wa yara rake da wuƙa, yana ba ƙaramarsu gaɓar tsakiya. Waɗannan su ne suke fara dusashewa, kuma su ne marayu za su tambaye ki nan da shekara goma.

Rana ta huɗu ki dubi abin da ya canja. Me yake yi a gidan da yanzu ya dawo kanki? Me ya fi ba ki tsoro a watanni masu zuwa? Wa ya tsaya miki da ba ki zata ba? Me kika yi a makon nan da ba ki taɓa yi da kanki ba?

Ki sani za ki iya tashi daga rubutun kin fi jin nauyi fiye da yadda kika zauna. Ɗaliban Pennebaker ma haka suka ji. Yakan ɗauki awa ɗaya ko biyu ya sake ki. Amma idan kina cikin rubutu kika ji numfashi na sarƙewa, jiki na rawa, ko kamar abin yana sake faruwa a gabanki, ki ajiye biro nan take. Ki sha ruwa, ki fita tsakar gida, ki kira mai lambar nan. Babu lada a takura wa kai.

5. Ki rufe ƙofa kafin ki tashi

Wannan mataki mutane suka fi tsallakewa, shi ya sa wasu ke cewa rubutu ya ƙara musu ciwo. Da ƙararrawa ta kaɗa, ko kina tsakiyar jimla, ki tsaya. Ki rubuta layi ɗaya na abin da za ki yi yanzu: "Zan ɗora ruwan wankan yara." Ki yi wa mamacin addu'a, ki rufe littafin, ki mayar da shi akwati, ki wanke fuska ko ki yi alwala, ki je ki yi abin da kika rubuta. Idan tunani ya taso miki da rana kina tsakiyar girki, ki ce masa, "Na ji, sai gobe bayan Asuba." Da farko ba ya ji. Bayan mako biyu ko uku zuciya takan fara yarda cewa an ware mata lokacinta.

6. Shafin "da na sani"

Da na sani ƙeya ce, amma mai rashi kullum juyawa take tana neman ganinta. Da na matsa masa ya je asibiti. Da ban bar yaron ya fita ba. Da ban yi masa wannan maganar ba ranar Talata. Idan kin ga wata "da na sani" tana dawowa shafi bayan shafi, ki ware mata rana. Ki raba shafi biyu da layi. A hannun dama ki rubuta abin da kika sani a wancan lokacin, shi kaɗai. A hagu ki rubuta abin da kika sani yanzu. Nawa ya fito haka: a dama, "Ya ce ciwon kai ne, ya sha magani, ya ci tuwo, ya yi Isha'i a masallaci." A hagu, "Jininsa ne ya hau." Da na ga su gefe da gefe na gane cewa ina hukunta matar da ke dama da ilimin matar da ke hagu. Daga ƙasa ki rubuta abin da za ki gaya wa ƙanwarki da ita ce ta kawo miki wannan shafi.

Idan kuwa da gaske akwai laifin da kika yi masa, ki rubuta shi ba tare da ƙari ko ragi ba, sannan ki rubuta abin da ya rage a hannunki: istigfari, addu'a, sadaka a madadinsa, biyan bashinsa, sada zumunci da danginsa.

7. Wasiƙar da ba za a aika ba

Bayan kwanaki huɗun, ki rage zuwa sau biyu ko uku a mako. Wata rana ki rubuta masa wasiƙa, ki faɗi maganar da ba ki samu faɗa ba. Ba wai kin yi imani zai karanta ba ne, ba kuma roƙonsa kike yi ba, maganar da ta maƙale ce kike fitarwa. Wadda zuciyarta ba ta kwanta da haka ba, ta mayar da shi addu'a, ta fara da "Ya Allah, bawanka wane," ta faɗi duk abin da ke ranta. Ko ta rubuta wa 'ya'yanta labarin mahaifinsu.

8. Ki juya littafin ta baya

Ki kifa littafin ki fara daga shafin ƙarshe. Nan ne wurin rayuwa: kuɗin makaranta, haya, takardar shaidar rasuwa, maganar fansho, tambayoyin da za ki yi wa malami kan rabon gado, sana'ar da kike tunanin kamawa. Stroebe da Henk Schut sun bayyana a 1999 cewa mai rashi yakan yi ta kai-kawo tsakanin fuskantar rashin da fuskantar sabuwar rayuwa, kuma kai-kawon shi ne lafiya. Ranar da kika buɗe baya kawai kika yi lissafin kuɗin gawayi, ba ki ci amanarsa ba. Ranar da kika yi dariya ma ki rubuta ta.

9. Karanta na baya

Kada ki karanta abin da kika rubuta sai ya yi mako biyu, kuma da rana. Ki bi makin nan na 1 zuwa 10. Ba zai sauka a jere ba, za ki ga tara, shida, takwas, biyar. Abin da za ki lura da shi shi ne ko labarin yana motsi. Idan shafin yau da na wata guda da ya wuce kalmominsu ɗaya ne, zargi ɗaya, tambaya ɗaya, to rubutun ya zama zagayen turke. Ki daina wannan batu, ki koma rana ta uku ko bayan littafi, ko ki huta mako guda, ki kai maganar ga mutum mai rai.

Ki shirya wa ranaku masu nauyi tun kafin su zo: shan ruwan farko na azumi, safiyar Sallah, ranar fita takaba bayan wata huɗu da kwana goma, zagayowar shekara. Kwana biyu kafin ranar ki rubuta inda za ki kasance, da wa, da abin da za ki yi idan kuka ya zo.

Idan wani abu ya gagara

Wadda ba ta yi boko ba ta rubuta da ajami. Wadda ba ta rubutu sam ta ɗauki muryarta a waya na minti goma, ta bi matakan nan yadda suke, ta goge idan ta gama. Wadda kalmomi suka ƙi zuwa ta jera sunayen abubuwa kawai: hula, carbi, rediyo, kofin shayi. Idan a waya za ki rubuta, ki sa makulli, domin yara na ɗauka. Kuma kada abin da kika rubuta da zafi ya hau Facebook ko WhatsApp. Abin da ya fita ba ya dawowa.

Idan gidan yawa ne, babu akwatin da hannu ba ya kai wa, ki rubuta a falle ɗaya ki ƙona a murhu da kin gama. Amfanin yana cikin rubutawar. Ko da kina da ma'ajiya, kada ki sa cikakken sunan kishiya ko dangin miji a shafin fushi, harafi ɗaya ya isa. Na san gidan da littafi irin wannan ya faɗa hannun da bai kamata ba ana tsakiyar rabon gado, kuma har yau zumuncin bai koma daidai ba. Takardar da ke da sunan Allah ko aya kuwa ba a jefa ta a shara, a ƙona ta a wuri mai tsabta ko a binne.

Lokacin da littafi bai isa ba

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa doguwar damuwar rashi cikin jerin cututtukan da ta fara aiki da shi a 2022: begen mamaci mai tsanani da ya wuce aƙalla wata shida, ya zarce abin da aka saba a al'adar mutum, har ya hana shi tafiyar da rayuwarsa. Idan watanni sun shuɗe ba kya iya kula da kanki ko yara, kina ramewa, barci ya ƙaurace, ko kin fara dogara da maganin barci ko na tari, ki ga likita. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano, kuma asibitocin koyarwa suna da sashen. Zuwa can ba hauka ba ne. Idan kuwa kika ga hannunki ya rubuta cewa gara ki bi shi, ko kina tunanin cutar da kanki, kada ki rufe littafin ki yi shiru. Ki kira mai lambar nan a ranar, ki gaya mata da bakinki, ta raka ki asibiti.

Idan littafin ya cika

Ba dole ki yanke shawara nan take ba, ki mayar da shi akwati. Nawa na farko ya shekara biyu a can kafin na ciro shi. Na sayi sabon littafi mai kauri na kwafe shafukan rana ta uku da hannuna, labarin rake da hula da gyaran murya, na ajiye wa yara. Shafukan fushi na yage su na ƙona, na binne tokar a gindin bishiyar lemun da ya dasa. Shafin nan mai layi a tsakiya na bar shi, domin har yanzu akwai daren da nake buƙatar in sake karanta hannun dama.